Famfon Ƙarƙashin Tanki

Litinin, 26 ga Satumba, 1960

Yau Bature Mai Lofe ya miƙa mini mabuɗin ɗakin inji. Shi ne injiniyan kamfani shekara shida, jibi zai tafi Jos, daga can sai ƙasarsu, ba zai tsaya bikin mulkin kai ba. Ya tara leburori a rumfar ɓarar gyaɗa ya ce daga yau Abdulsalami ne direban injin iska. Na karɓa da hannu biyu, na ɗaure fuska kamar ba wani abu ba ne.

Bari in rubuta yadda ya jera mini, kada in manta. Inji ya zuƙi iska, ya matse ta cikin tanki, har allurar agogo ta kai jan layi. In injin ɓara ya fasa gyaɗa, sai a buɗe bututu, iskar ta fito da ƙarfi ta kore ɓawo waje, ƙwaya ta zuba cikin buhu tas. Abin da mata ashirin za su wuni suna sheƙewa, suna jiran iskar Allah ta taso, mu kafin azahar mun gama. Mai, bel, agogo, kullum a duba su. Ya ce sauran bayani yana cikin littafin injin, na karanta? Na ce na karanta. Shafi huɗu na karanta, Turancin ya yi mini kauri.

Alhamis, 29 ga Satumba

Rana ta farko ni kaɗai. Ina buɗe ƙofa, Obadiya ya wuce ni da bokiti ya durƙusa ƙarƙashin tanki yana lalube. Tsohon lebura ne, mutumin wajen Bogoro, yana nan tun kafin a kafa rumfar. Na ce me yake nema a can. Ya ce aikinsa ne na kowace safiya, Bature ya sani.

Na ce Bature ya tafi. Daga yau ba mai taɓa inji sai wanda ya san takarda. Ya ɗago ya dube ni, ya ce, “Malam, ƙaramin famfo ne kawai, ina buɗe shi in rufe.” Na ce to ya bar shi a rufe, iskar da na sha wahala na tara ba za a zubar mini da ita ba. Ya ɗauki bokitinsa ya fita. Leburori sun ji, sun kuma ga ba wasa a wurin. Dole a san wa ke riƙe da mabuɗi tun ranar farko.

Asabar, 1 ga Oktoba

An sauke tutarsu, an ɗaga tamu. ’Yan makaranta sun yi ta maci, rana ta gasa su. Na sa sabon kaki, na rataya mabuɗin a ɗamara yadda za a gan shi.

Kawu Hammawa ya shigo daga ƙauyensu Inkil, ya sauka gidanmu a Ƙofar Wambai. Shi ya biya mini kuɗin littafi lokacin da Baba ya rasu, shi ya kai ni makaranta a kan jakinsa. Ya juya mabuɗin a hannunsa ya yi ta dariya. “Abdu, wato iska ma yanzu a hannunka take?” Ya ce bana zai tara mutanen Inkil, kowa ya kawo gyaɗarsa da ɓawonta, kada mata su ƙara farfashe yatsu. Wasu na tsoron inji, amma in ya ce a yi za a yi. Haka yake a can. Ajiyar rabin garin a ɗakinsa take.

Inna kuwa ta ƙara mini nama.

Talata, 11 ga Oktoba

Ruwa jiya, ruwa yau. Damina ta ƙi tafiya. Aikin bai kankama ba, sai busa tayar motoci da share injin ɓara, amma kullum ina tada injin iska.

Obadiya kuma. Ya zo ya ƙwanƙwasa gindin tanki da ɗan yatsa, ya ce, “Malam, ka ji? Murya ya canja. Ciki ya cika.” Na ce ai cika ake so ya yi, aikinsa ke nan. Leburori suka fashe da dariya. Da na tsaya nan da sauƙi. Sai na ƙara da cewa aji nawa ya yi da zai koya mini inji.

Ban ji daɗin wannan ta ƙarshen ba. Ya girme wa Kawu.

Litinin, 24 ga Oktoba

Jakuna tun safe, layi har bakin hanya. Gyaɗar Inkil. Kawu ya tara ta a gidansa jiya, kowa da alamarsa a buhu, ya rako ta da kansa. Ya tsaya bakin ƙofa da dattawa uku, na buɗe bututu, ɓawo ya yi ta tashi. Ɗaya daga cikinsu ya ja da baya yana salati. Kawu kuwa sai faɗi yake, “Ɗan ƙanwata ne, ɗan Habibatu.”

Bututun yana ɗan tofi in an fara buɗewa, wani ƙura-ƙura mai sanyi. Na goge da tsumma. Mai ɗinkin buhu ya ce gyaɗar da sanyi a hannu. Na ce iskar inji haka take, ya ɗinka.

Laraba, 26 ga Oktoba

Mun gama ta Inkil, an jera a sito. Kawu ya aiko mini da zabi biyu.

Jumma’a, 4 ga Nuwamba

Inna lillahi.

Motar Jos ta zo ɗauka. Manaja, Malam Mansir, ya soka ƙarfen gwaji a buhun farko, ya zaro, gyaɗa ta yi kore. Na biyu haka. Aka farke goma, duk fumfuna, wari ya cika siton. Wasu ma sun dunƙule, sai da hannu ake ɓantarewa. Motar ta koma wayam.

Manaja ya ce ya san wannan wasan. Manoma sun yayyafa wa gyaɗa ruwa don ta yi nauyi a sikeli, ba yau aka fara ba. Ya tambayi wa ya tara ta. Aka ce Hammawa. Ya juyo ya dube ni, ya ce, “Kawunka ko?” Na ce e. Ban ƙara komai ba, don a lokacin ni ma ban sani ba. Allah ya sani, a lokacin ban sani ba.

Amma Obadiya yana tsaye a ƙofar sito, ba gyaɗar yake kallo ba, ɗakin inji yake kallo.

Asabar, 5 ga Nuwamba

Daga masallacin asuba na wuce rumfa, kafin kowa ya zo. Na ciro littafin na bi shi shafi shafi da yatsa. Shafi na goma sha tara, har da zane. Iska in an matse ta, damshin da ke cikinta yakan zama ruwa ya kwanta a gindin tanki. A buɗe famfon ƙasa kowace safiya a zubar. Kowace safiya, an ma ja layi a ƙarƙashi.

Na durƙusa. Famfon ya cije, sai da sufana. Ruwa ya ɓarke, ja, mai tsatsa da maiƙo. Bokiti ɗaya, biyu, uku, na huɗu ya kusa cika. Mako biyar yana taruwa, ya kai bakin bututu, ni kuma ina fesa shi kan gyaɗar mutane ina washe baki, ana ɗinke buhu a kai.

Na zubar bayan rumfa, na tura ƙasa da ƙafa na rufe. Na wanke bokitin. Na wanke hannu. Ko da leburori suka iso ina zaune kan benci ina goge agogo.

Zan faɗa. Sai dai in sami lokacin da ya dace.

Litinin, 7 ga Nuwamba

Ban faɗa ba. Manaja yana cikin fushi, ba ranar magana ba ce.

Obadiya ya zaga bayan rumfa ya dawo da jar laka a takalminsa. Ya gaishe ni kamar kullum.

Laraba, 9 ga Nuwamba

Gyaɗar mutanen Zungur yau. Na riga kowa zuwa, na zubar da ruwan. Iska ta fito busasshiya, ƙwaya sai ƙara take yi a buhu. Kullum yanzu sammako nake yi kamar ɓarawo, don kada a gan ni a durƙushe.

Litinin, 14 ga Nuwamba

Abin da ban hango ba ke nan. Manaja ya soka ta Zungur, lafiya lau, ko ɗigon fumfuna babu. Ya kira dattawan Inkil, ya ajiye musu buhu biyu a gaba. “Inji ɗaya, direba ɗaya, sito ɗaya. Wannan ta bushe, taku ta ruɓe. To ku gaya mini daga ina ruwan ya zo.” Ya ce kamfani ba zai ƙara karɓar gyaɗar Inkil ba, ya riga ya rubuta Jos.

Wato gyaran da na yi a ɓoye shi ne ya zama shaida a kansu. Da na bar tankin yadda yake, da ta Zungur ma ta ruɓe, da an gane. Ni na jiƙa, ni na kuma kawo hujjar cewa su suka jiƙa.

Ina tsaye a wurin, taku uku tsakanina da su. Wani dattijo ya ce shi tasa kwana tara ta yi a rana, sai dai in a inda ta kwana aka yi mata wani abu. Kowa ya san inda ta kwana. Kawu bai ɗago kai ba. Ni kuma na ce bel yana ƙara, na shige ɗakin inji.

Talata, 15 ga Nuwamba

Kawu ya zo gida bayan la’asar. Na ji sallamarsa, na yi niyyar fita ta baya, Inna ta riga ta ce ina ciki.

Ya rame a kwana goma. Ya ce mutane sun zo sun karɓe ajiyarsu, ɗaya bayan ɗaya, kowa da uzurinsa. Jiya ya shiga sahun sallah, wanda ke gefensa ya matsa. Yara sun fara kiransa mai ban ruwa in ya wuce. Ya faɗa yana ɗan murmushi, wai yara ne. Ya ce ya roƙi mai gari a tara jama’a ranar Lahadi, zai dafa Alƙur’ani ya rantse. Mutumin da ko a ciniki ban taɓa jin ya ce wallahi ba.

Sai ya kama hannuna. “Abdu, ka yi haƙuri. Sabon aiki ka samu, ga shi na jawo ana nuna ka da ni. In Manaja ya matsa maka, ka ce ba ruwanka da ni, ba zan ji haushi ba.”

Na ce ba komai, Kawu.

Ba komai. Haka na ce masa. Na raka shi har bakin ƙofar gari, na riƙe masa jaki ya hau. Na dawo na kasa cin tuwo, Inna ta ce ko zazzaɓi ne. Kunyar kaina nake ji, irin wadda ban taɓa ji ba.

Laraba, 16 ga Nuwamba

Na gaya wa Manaja. Na kai masa littafin, na buɗe shafin. Ya karanta sau biyu, ya tashi ya rufe ƙofa.

Na zaci zai kore ni. Sai ya ce in rufe bakina. “Wata ɗaya da tafiyar Bature, a ji a Jos cewa ɗan ƙasa ya ruɓar da sito guda? Abin da suke jira ke nan. Za su ce dama sun faɗa.” Ya ce manoma sukan manta, baɗi a sake karɓar tasu shiru. Na ce Kawuna fa. Ya ce tsoho ne, zai jure.

Abin da ya fi ba ni tsoro, na ji sanyi a raina da ya faɗi haka. Har na kai ƙofa ina cewa to ai na faɗa, an hana ni ne. Ka ji fa.

Alhamis, 17 ga Nuwamba

Na tashi aiki na hau keke zuwa Inkil. Sau biyu ina tsayawa a hanya, sau ɗaya har na juya kan keken.

Na sami Kawu yana ba tumaki harawa. Na tsuguna na faɗa masa duka, tun daga ranar da na kori Obadiya har bokiti huɗu. Ya saurara bai katse ni ba. Ya tambayi abu ɗaya, yaushe na gane. Na ce ranar biyar ga wata. Ya ƙirga kwanakin da yatsu. Sai ya ce in tashi mu je ƙofar mai gari.

Mutum bakwai ko takwas ne a zaune. Na maimaita. Na ɗauka nan za ta ƙare, a zage ni, a wanke shi. Ina. Dattijon nan mai kwana tara ya ce, “Ruwa a cikin iska? Yaro, mu ma muna da ’ya’yan ’yan’uwa. Allah ya yi maka albarka, ka yi abin da ɗa zai yi.” Wani ya ce in gaskiya ne me ya hana ni faɗa tun ranar da aka farke buhu. Suka watse suna cewa Hammawa ya turo yaro ya ɗauki laifi.

Na ƙara masa wani a kan na da. Gaskiyar ma da na kawo ta makara, ba ta da mai saye.

Jumma’a, 18 ga Nuwamba

Mutum ɗaya ne za a yarda da shi, na kuma san ko waye.

Na same shi yana share ɓawo. Leburori na nan, ban jira su tafi ba, don in na jira ba zan yi ba. Na ce Baba Obadiya, na yi maka rashin kunya, ka yafe mini. Na ce famfon nan, kai ke da gaskiya. Ya jingina tsintsiya ya ce, “Na sani. Na ga laka.”

Na ce me ya sa bai tona ni ba. Ya ce, “Magana naka ne, Malam. Ina jira ka ɗauka da kanka. Amma da tsohon nan zai sa hannu a Littafi, da na je, ko ka kira ni ko ba ka kira ba.” Na roƙe shi ya bi ni Inkil ranar Lahadi. Ya ce sai an fito sujada.

Leburori ba wanda ya yi dariya. Da sun yi ma da ya fi mini sauƙi.

Lahadi, 20 ga Nuwamba

Na jira shi a ƙofar majami’arsu, na goya shi a keke. Ya taho da kwalba, ruwan tanki na jiya da shekaranjiya, shi ya ce in tara masa.

Gari ya taru. An kawo Alƙur’ani a naɗe, Kawu ya yi alwala yana zaune gefe. Baba Obadiya ya tsaya da hularsa a hannu. Ya ce shekara shida kowace safiya yana zubar da wannan ruwan, ranar Alhamis kafin a ɗaga tuta aka hana shi. Ya miƙa kwalbar, ta zaga hannu hannu, ana shinshinawa. Ya ce mai ɗinkin buhu ma ya ji sanyin gyaɗar, in ana so a tambaye shi.

Dattijon nan mai kwana tara ya tambayi Baba Obadiya shi me zai samu a ciki. Baba Obadiya ya ce, “Ni ba ɗan’uwan kowa ba ne a nan. Yaron nan ya ci mini mutunci a gaban yara, Manaja kuma ba zai so zuwana ba. In don kaina ne, da ina gida.” Mai gari ya ce a mai da Littafi, ba a bukatar rantsuwa. Dattijon ya tashi ya je ya ba Kawu hannu, saura suka bi. Ni ba wanda ya zage ni. Ba wanda ya dube ni ma.

Da za mu tafi na je yi wa Kawu sallama. Ya ba Baba Obadiya kaza, ya gode masa sosai. Sannan ya ja ni gefe, muryarsa ƙasa ƙasa. “Ruwan bai dame ni ba, Abdu. Kowa yakan jahilci abu. Amma ranar Talata da na zo gidanku na ba ka haƙuri, a lokacin ka riga ka sani?”

Na ce na sani.

Ya gyaɗa kai. Ya ce a gaida Habibatu, ya koma wajen tumakinsa.

Laraba, 23 ga Nuwamba

Manaja ba ya amsa gaisuwata. Ya sake rubuta wa Jos, dole, tunda mai garin Inkil ya aiko. Ban san abin da za su yanke a kaina ba. Inna ta ji komai. Ba ta yi faɗa ba, ta dai ce wannan Sallar ita kaɗai za ta je Inkil.

Litinin, 28 ga Nuwamba

Inkil sun kawo ragowar gyaɗa, jaki shida. An karɓa. Kawu bai zo ba, tasa mata suna ɓarewa da hannu a gida. An ce mutane sun fara mayar masa da ajiya.

Na zubar da ruwan tanki da ƙarfe bakwai, kowa na wurin, gwiwar kakina ta yi ja. Wajen hantsi inji ya soma wani ƙara-ƙara daga gefen bel. Na ciro littafin, na mayar. Na leƙa rumfa na ce Baba Obadiya ya zo ya saurara mini. Ba wai ban san abin ba ne, kunne biyu dai ya fi.

To, gaskiya dai ban san shi ba.